Waiwaye: Masu Lalura, Jarrabawar Zama Lauya a Amurka, da Rikicin Kotun da Za a Kai Kuka

A yawancin jihohin Amurka, kammala karatun shari'a a jami'a ba ya ba mutum izinin tsayawa gaban alƙali da sunan lauya. Sai ya ci jarrabawar da hukumar jiharsa ke shiryawa sau biyu a shekara, ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Yuli. A yawancin jihohi kwana biyu ake yi. Yini guda na rubuta amsoshi ne, ɗayan kuma tambayoyi 200 ne na zaɓen amsa cikin awa shida, waɗanda wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira NCBE ke shiryawa tun 1972. Kowace tambaya ba ta samun cikakken minti biyu ke nan. Makaho, ko mai raunin gani, ko wanda ƙwaƙwalwarsa ke wahalar haɗa haruffa, zai iya sanin doka ciki da bai, amma agogo ya kayar da shi tun bai kai rabin takarda ba. Shi ya sa suke neman sassauci: ƙarin lokaci, manyan haruffa, ɗaki na daban, ko kwamfuta mai karantawa da murya.

Idan hukuma ta ce a'a, ina za a kai ƙara? Nan ne maganar ta cukurkuɗe shekaru da dama. A can, ba wa mutum lasisin lauya aikin kotun ƙolin jiha ne, hukumar jarrabawa kuwa reshenta ce. A Filorida kotun ƙoli ce ke da hukumar kai tsaye, a Niyok ma babbar kotun jihar ce ke naɗa membobinta. Saboda haka wanda aka hana sassauci, in ya bi tsarin jiha, zai ɗaukaka ƙara ne zuwa ga kotun da ta kafa hukumar da ta hana shi.

Tushen wannan ƙulli ya girmi dokar masu lalura, kuma ba a kan lalura aka ɗaura shi ba. A 1923, a shari'ar Rooker, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ƙananan kotunan tarayya ba su da hurumin warware hukuncin kotun jiha. Shekara 60 bayan nan, a 1983, aka zo kan Marc Feldman da Edward Hickey. Feldman ya koyi aikin lauya ne a ofishin wani lauya a Birjiniya, bai fito daga makarantar da ƙungiyar lauyoyin Amurka ta amince da ita ba. Hickey kuma makarantarsa ba ta samu wannan amincewar ba. Dukansu sun roƙi babbar kotun birnin Washinton ta ɗage musu sharaɗin, ta ƙi, sai suka garzaya kotun tarayya. Mai shari'a William Brennan ne ya rubuta hukuncin, ya raba abin gida biyu. Mutum na iya zuwa kotun tarayya ya ce wata ƙa'idar shiga aikin lauya, ita kanta, ta saɓa wa tsarin mulki. Amma ba zai iya zuwa ya ce "kotun jiha ta zalunce ni a kan takardata" ba. Wannan kukan, Kotun Ƙolin Amurka kaɗai ke da hurumin jinsa, ita kuwa dubban buƙatu ke zuwa mata a shekara, waɗanda take saurara ba su cika wuce 60 zuwa 70 ba. Daga sunayen shari'o'in biyu aka samo abin da lauyoyi ke kira ƙa'idar Rooker-Feldman.

Ranar 26 ga Yulin 1990 Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu a dokar kare haƙƙin masu lalura, wadda aka fi sani da ADA. Wani sashe nata ya ambaci jarrabawar lasisi ƙarara: duk mai shirya ta dole ya shirya ta a wuri da yanayin da mai lalura zai iya zama. Ba a daɗe ba ƙararraki suka fara shigowa. A 1993 Marie D'Amico, mai tsananin raunin gani, ta nemi hukumar Niyok ta raba mata jarrabawar kwana huɗu. Hukumar ta yarda da manyan haruffa da ɗaki na daban, amma ta ce sai dai ta tsawaita awowinta cikin kwana biyun nan. Likitanta ya ce doguwar zama tana kallon takarda ita ce ainihin abin da ke gajiyar da idon. Kotun tarayya ta bi maganar likita, ta ba da kwana huɗu tun kafin ranar jarrabawa. A 1994 kuma kotun ƙolin jihar Delaware da kanta ta ba da umarnin a karɓi Kara Rubenstein, mai lalurar wahalar koyo, wadda ta ci ɓangarorin jarrabawar biyu amma a zama daban-daban. Ke nan kotun jiha ma takan yi adalci, kuma ita ce ke da ikon cewa a rantsar da mutum, ikon da kotun tarayya ba ta da shi.

Sai dai a 1997, a shari'ar Dale, wadda ta taso daga binciken da hukumar Filorida ta yi kan lafiyar ƙwaƙwalwar wani mai neman lasisi, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta 11 ta ce dokar ADA ba ta rushe ƙa'idar Rooker-Feldman ba. In har kotun ƙolin jiha ta riga ta yanke magana a kan mutum, ƙofar tarayya ta rufe. A 2005 Kotun Ƙoli ta taƙaita ƙa'idar a wata shari'ar kamfanonin mai da sinadarai, ta ce ba ta hawa kan kowa sai wanda ya riga ya faɗi a kotun jiha kuma hukuncin ne yake kuka da shi. Duk da haka zaɓin ƙofar farko ya ci gaba da zama abin da zai iya kashe ƙara tun ba a duba gaskiyarta ba.

Shari'ar da ta fi nuna tsadar wannan tafiya ita ce ta Marilyn Bartlett. Mace ce mai digirin digirgir a fannin gudanar da ilimi, ga kuma digirin lauya, amma tana fama da disleksiya, wato lalurar wahalar karanta rubutu. Hukumar Niyok ta yi ta hana ta sassauci, saboda masanin da take dogara da shi yana amfani da wani gwajin karanta kalmomi ɗaiɗai wanda ba a ƙayyade masa lokaci ba, duk wanda ya haye wani maki kuwa sai a ce ba shi da lalura. Bartlett ta haye makin. Ta faɗi jarrabawar sau da dama, ta rasa aikinta a ofishin lauyoyi, ta shigar da ƙara a 1993. Alƙaliyar da ta saurare ta ita ce Sonia Sotomayor, wadda daga baya ta hau kujerar Kotun Ƙoli a 2009. An yi kwana 21 ana sauraron shaidu. A ciki aka miƙa wa Bartlett rubutu ta karanta a gaban kotu, alƙaliya tana kallo: tana tafiya a hankali, tana tsayawa, tana raɗa kalma a ƙasan numfashi fiye da sau ɗaya kafin ta furta ta, har ta musanya wata kalma da mai kama da ita. Gwajin hukuma ya auna ko za ta iya gane kalma, bai auna wahalar da take sha kafin ta gane ta ba. A 1997 Sotomayor ta yanke mata hukunci: ninkin lokaci, kwamfuta, manyan haruffa, izinin zagaye amsa a cikin takardar tambaya, da diyyar dala 12,500.

Maganar ba ta ƙare a nan ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta duba a 1998. A 1999 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Sutton, ta wasu tagwaye mata masu raunin gani da ke son tuƙa jirgin sama, inda ta ce a auna lalurar mutum bayan an lissafa tabarau ko magani ko dabarar da yake rage ta da su. A kan haka ta soke hukuncin Bartlett ta mayar da shi baya. Aka sake zagayowa, sai a 2001 Sotomayor ta sake tabbatar da cewa matar nan tana da lalura. Shekara takwas ke nan ana tafka muhawara a kan ko mai wahalar karatu tana da wahalar karatu. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa hukuncin Sutton ya hukunta masu ƙoƙari ne, domin duk wanda ya jure ya ƙirƙiro wa kansa dabara har ya kai jami'a, sai a ɗauki nasararsa hujjar cewa ba ya buƙatar taimako. Majalisar dokoki ta gyara wannan a 2008, gyaran ya fara aiki a farkon 2009. Ta ture ma'aunin Sutton, ta kuma rubuta karatu da tunani da tattara hankali cikin manyan ayyukan rayuwa da doka ke karewa.

Daga nan rigimar ta koma kan wane irin sassauci ne ya wadatar. Stephanie Enyart, wadda ta gama karatun lauya a Kalifoniya a 2009, tana da ciwon Stargardt mai cinye tsakiyar gani. Da manhajoji biyu ta yi karatunta: JAWS mai karanta rubutu da murya, da ZoomText mai ƙara girmansa, tana ji tana bi da ido a lokaci guda. Hukumar Kalifoniya ta yarda ta yi amfani da su, NCBE ta ƙi a nata ɓangaren, ta ce ga rubutun makafi, ga mai karanta mata, ga faifan murya, ga na'urar ƙara girman takarda. Enyart ta bayyana cewa na'urar tana sa mata gajiyar ido da jiri da tashin zuciya. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 9 ta goyi bayanta, ta ce ma'aunin shi ne wanda ke cikin ƙa'idar Ma'aikatar Shari'a: a shirya jarrabawa ta yadda sakamakon zai fi nuna ilimin mutum maimakon lalurarsa. Abin lura a nan, NCBE ba hukumar gwamnati ba ce, don haka babu wata katangar hurumi da ta tare ƙarar.

Hukumomin jihohi kuwa suna da wata garkuwar, wato rigar kariyar da gyara na 11 na tsarin mulki ya ba jihohi daga ƙarar neman kuɗi a kotun tarayya. A 2001, a shari'ar Garrett, Kotun Ƙoli ta ce ma'aikacin jiha ba zai karɓi diyya daga jihar a ƙarƙashin ADA ba. A 2004 ta sassauta saboda George Lane, mai keken guragu a Tenesi, wanda ya ja jiki ya hau bene hawa biyu don amsa tuhuma a kotun da ba ta da lif, da ya ƙi maimaitawa a zama na gaba aka kama shi da laifin ƙin halarta. Kotun ta ce inda maganar isa gaban shari'a ce, rigar kariya ba ta aiki. Masu neman lasisi sun yi fatan wannan hukunci zai shafe su, bai shafe su ba. Wata da kotu ke kira T.W., wadda ta gama karatun lauya a jami'ar Harvard a 2013, an ba ta ɓangare kawai na abin da ta nema a Niyok, ta faɗi sau biyu, ta rasa aiki a babban ofishin lauyoyi, da aka ba ta ninkin lokaci a 2015 ta ci. Ta kai ƙara a 2016. A 2021 kotun shiyya ta 2 ta ce ba za a tuhumi hukumar da wata dokar kare masu lalura ta 1973 ba, tunda dokar tana hawa ne kan masu karɓar kuɗin tarayya, ita kuwa ba ta karɓa, a 2024 kuma ta ce rigar kariya ta rufe ta daga ADA. A ƙarshen 2023 kotun shiyya ta 9 ta faɗi makamancin haka game da hukumar lauyoyin Kalifoniya a ƙarar Benjamin Kohn, cewa reshen jiha ce. Babu ɗaya daga waɗannan hukunce-hukunce da ya ce hukumar ta yi daidai da ta hana sassaucin. Ba a ma kai ga wannan tambayar ba.

Hanyar da ta rage a buɗe ita ce wadda D'Amico ta bi: neman umarnin gaggawa a kan jami'an hukumar kafin ranar jarrabawa, abin da wani tsohon hukunci na 1908 ya halatta. Yin haka na buƙatar lauya, da rahoton likita mai tsada, da amsar hukuma a kan lokaci, a makonnin da ya kamata mutum ya duƙufa kan bita. Ma'aikatar Shari'a ta umarci masu shirya jarrabawa su ba sassaucin da aka taɓa yi wa mutum a makaranta nauyi sosai, su kuma amsa da wuri. NCBE ta sanya Yulin 2026 a matsayin lokacin fara sabuwar jarrabawarta ta kwamfuta, mai awa tara cikin yini ɗaya da rabi, abin da zai sauƙaƙa amfani da manhajojin karatu. Amma ƙarin lokaci da ɗaki na daban suna nan a hannun hukumar kowace jiha, ɗaukaka ƙara a kansu kuma tana komawa ga kotun ƙolin jihar.