Ziyarar Birnin Dublin: Abubuwan da Matafiyi Ya Kamata Ya Sani

Wace irin biza ake buƙata?

Dublin shi ne babban birnin Jamhuriyar Ailan, kuma ko da yake ƙasar tana cikin Tarayyar Turai kuma da yuro ake ciniki a cikinta, ba ta cikin yarjejeniyar Shengen, wadda ta ba da damar shiga ƙasashen Turai da dama da biza guda. Saboda haka bizar da ta shigar da mutum Faransa ko Jamus ba za ta shigar da shi Dublin ba. Ɗan Najeriya sai ya nemi bizar Ailan ta daban, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja.

Yaya ake zirga-zirga a cikin birnin?

Tsakiyar birnin ba ta da girma, mai lafiyar ƙafa zai iya zagaya ta a tafe. Kogin Liffey ya raba ta gida biyu, arewa da kudu, kuma ƙaramar gadar ƙarfe ta Ha'penny, wadda aka gina a 1816, har yau masu tafiya a ƙasa ne kawai ke bin ta. Don nesa akwai bas mai hawa biyu, da jirgin ƙasa na cikin gari mai suna Luas, da jirgin ƙasa na DART da ke bin gaɓar teku zuwa Howth, garin masunta. Gara a sayi katin Leap, wanda ake biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa da shi, tun a filin jirgi, domin direban bas ba ya karɓar kuɗin takarda kuma ba ya ba da canji. Motoci hannun hagu suke bi, don haka baƙo ya fara duban dama kafin ya tsallaka titi.

Idan lokaci ya ƙure, ina ne bai kamata a tsallake ba?

Yawancin baƙi Kwalejin Trinity suke rugawa, wadda aka kafa a 1592, don ganin littafin Kells, Linjila ce da aka rubuta da hannu aka ƙawata ta wajen shekara ta 800. Ya cancanci gani, sai dai akwai cunkoso kuma da tikiti ake shiga. A ganina, ɗakin adana littattafai na Chester Beatty da ke harabar Fadar Dublin ya fi daɗin zama, ga shi shiga kyauta ne. A cikin taskarsa akwai Alƙur'anin da Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira. Ana canza abubuwan da ake bajewa lokaci zuwa lokaci, amma duk wanda ya taɓa riƙe allo da alƙalamin kara zai daɗe a tsaye gaban gilasan nan yana duban yadda aka ja harafi da yadda aka zuba ruwan zinariya a kan surori.

Mai son tarihi kuwa ya je gidan yarin Kilmainham, inda aka harbe shugabannin tawayen 1916 da suka tashi neman 'yanci daga Birtaniya. Tikitinsa yakan ƙare da wuri, sai an tanada ta intanet tun kafin a baro gida.

Masallaci da abincin halal fa?

Akwai masallaci a titin South Circular, wanda a da coci ne, kuma a kewayensa akwai mahauta da gidajen abinci na halal. Unguwar Temple Bar da ake yawan tallatawa mashaya ce mafi yawanta, kuma abinci a can yana da tsada. A kula da lokutan salla: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai dab da ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa tun wajen ƙarfe huɗu ake magariba.

Me za a sa a jaka?

Rigar ruwa da takalmin tafiya mai rufi. Ruwan Dublin yayyafi ne da ke zuwa ya tafi sau da yawa a yini guda, iska kuma takan karya lema. Ko da bazararsu zafi bai cika wuce digiri 20 ba, wanda ga mutumin Sakkwato sanyin hunturu ne. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, don haka cajar waya za ta shiga ba tare da an sayi wani abu ba.