Sharuɗɗan Doka da Ajiye Bayanai a Kiwon Tumaki

Kafa garken tumaki a karkarar Kano da Jigawa abu ne da tsari uku suke hawa kansa, wato dokokin gwamnati, hukuncin shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, da kuma al'adar gari wadda mai unguwa da dagaci suke kula da ita. Wanda ya ɗaure tumaki biyar a bayan ɗakinsa ba a neman lasisi a wurinsa, sai dai da zarar garke ya fara yawa, doka tana riskarsa ta wajen fili, saye, cuta, ɓarna da zakka.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, amma ta bai wa ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo, abin da ya haura haka kuwa sai da amincewar gwamna. Filayen kiwo da aka keɓe sun samo tushe daga dokar Jihar Arewa ta 1965, kuma a Jigawa akwai hukumar manoma da makiyaya da take duba rikicin burtali da mashaya. Mai son yin kiwo da sunan kasuwanci yana yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wanda galibi banki yake tambaya kafin ya saurari maganar rance.

Wajen saye ne sabon makiyayi ya fi faɗawa cikin matsala, domin karɓar kayan sata da sani laifi ne a kundin hukunta laifuka. A kasuwanni irin su Maigatari ta ranar Alhamis da Wudil ta ranar Juma'a, dillali ne yake tsaya wa mai dabba, don haka la'adar da ake ba shi ba ladan ciniki kaɗai ba ce, ladan shaida ce idan wata rana aka biyo sawu. Ya kamata mai saye ya riƙe rasitin kasuwa, ya rubuta sunan dillali da garin da dabbar ta fito, tare da kamanninta: Yankasa ce mai baƙin zobe a ido, ko Balami fara tas, ko Uda wadda gabanta da bayanta suka bambanta launi, da irin tsagar da aka yi mata a kunne.

Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta wajabta kai rahoton cuta mai yaɗuwa ga jami'in lafiyar dabbobi da ware dabbar da ta kamu. Wadda ta fi yi wa tumaki da awaki ta'adi ita ce PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da gudawa. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa rigakafinta, kuma duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Maganin da za a saya ya kasance da lambar NAFDAC, a kuma kiyaye kwanakin jira bayan ba da magani da aka rubuta a jikin kwalba kafin a yanka dabbar ko a sayar.

Da damina dagatai sukan sa a yi shelar ɗaure dabbobi har a kwashe amfanin gona, kuma tunkiyar da ta tsinke ta shiga gonar wake, ubangijinta ne zai biya abin da dattawa suka ƙiyasta.

Littafin garke ba sai mai tsada ba, na 'yan makaranta ma ya isa. Kowace tunkiya a ba ta shafi, a rubuta ranar da aka saye ta da kuɗinta, ranar barbara, ranar haihuwa, allura da magani, da ranar da ta fita ta hanyar sayarwa ko yanka ko mutuwa. Tun da cikin tunkiya kwana 150 ne ko kusa da haka, ranar barbara kaɗai ta isa ta nuna lokacin da za a ƙara mata dusa da harawa. A gidan da tumakin maigida da na matansa da na wata 'yar'uwa da ta bayar da kiwo suke kwana a turke ɗaya, shafin da ya fi kowanne amfani shi ne na mallaka, domin shi ake nema ranar rabon gado.

Zakka ma lissafi take bukata. Nisabin tumaki 40 ne, ana haɗa su da awaki wajen ƙirga. Daga 40 zuwa 120 ana fitar da ɗaya, daga 121 zuwa 200 biyu, daga 201 zuwa 399 uku, sannan ɗaya a kowane ɗari. A Malikiyya dabbar da ake ciyarwa a gida ba ta fita daga lissafi, kuma 'ya'yan da aka haifa a cikin shekara suna bin shekarar iyayensu, don haka garken da ya fara da 30 yana iya cika nisabi kafin shekara ta zagayo.