Ba kowane naɗi ne "nepotism" ba

Da an fitar da jerin naɗe-naɗe sai ka ji mai sharhi a rediyo ya cika baki yana cewa "nepotism ne". Minista ya fito daga jihar shugaba, nepotism. Darakta yarensu ɗaya da gwamna, nepotism. Wannan ai ɓangaranci ne ko ƙabilanci, kuma tuntuni muna da sunayensu. Kalmar ba ta kai faɗin haka ba. Nufinta shi ne a ba ka amanar jama'a, ka yanka ka miƙa wa jininka.

Daga Italiya ta taso. A yarensu "nipote" ɗan ɗan'uwa ne, kuma jika ma haka ake kiransa. Kujerar Fafaroma ba ta gado ba ce, don haka wasu daga cikinsu suka riƙa gaggawar gina gidajensu tun suna da rai, ta hanyar naɗa yaran gida kadinal, wato babban limamin coci da ke ƙasa da Fafaroma.

Dubi gidan Farnese. Alessandro Farnese ya zama kadinal a 1493 a hannun Fafaroma Alexander na Shida, mutanen Rum kuwa suna ta tsegumin cewa albarkacin ƙanwarsa Giulia ne, farkar Fafaroman. Wanda aka yi wa haka, me kake tsammani idan ya samu dama? A Oktoban 1534 ya hau kujera da sunan Paul na Uku. Shekarar ba ta ƙare ba ya naɗa jikokinsa biyu kadinal, ɗaya ɗan shekara 14, ɗayan 16. Yaran da ko gemu ba su fara ba.

Bai tsaya nan ba. A 1545 ya yanke biranen Parma da Piacenza daga ƙasar da ke hannun coci, ya mai da su sarauta, ya ɗora ɗan cikinsa Pier Luigi, wanda ya haifa kafin ya zama limamin coci. Manyan Piacenza ba su haƙura ba. A 1547 suka kashe shi, suka rataye gawar a tagar fada. Duk da haka zuri'ar ta ci gaba da mulkin Parma har 1731.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa "ai yaron ya cancanta". Jikan nan ɗan shekara 14 ya girma ya zama babban mutum, da kuɗinsa aka gina cocin Gesù a Rum. To sai me? Ranar da aka naɗa shi ba wanda ya san haka, sunan kakansa kawai aka duba.

Sai a 1692 Fafaroma Innocent na Sha Biyu ya kafa doka: ba ba wa dangi filaye, ba ba su kuɗin shigar coci, kadinal kuma ɗaya tak daga gidan Fafaroma. Sarautar Farnese a lokacin ta doshi shekara 150, kuma dokar ba ta karɓe ko taku ɗaya na Parma ba.