Sharar Bututun Hayaƙi da Inshorar Gida

Bututun hayaƙi hanya ce da ake ginawa daga murhun ɗumama ɗaki har ta ɓullo ta saman rufi, domin hayaƙi ya fice waje. A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Birtaniya, Faransa, Jamus da arewacin Amurka, inda ake kwana da wuta a cikin gida lokacin hunturu, kula da bututun nan sana'a ce mai zaman kanta, kuma tana da alaƙa ta kusa da inshorar gida. Sau da yawa takardar da mai shara ya bayar ita ce ke raba gardama tsakanin mai gida da kamfanin inshora bayan gobara.

Abin da ke taruwa a ciki

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a madafin da ake girki da itace ya san kunkunniya. Irinta ce ke taruwa a cikin bututu, sai dai a can tana haɗuwa da wani abu mai danƙo kamar kwalta da ake kira kiriyosot. Yana samuwa ne idan hayaƙi ya huce kafin ya fita, ya manne a bango. Ɗanyen itace da wutar da ke ci a hankali su suka fi haifar da shi. Da farko gari ne da burushi ke kakkaɓewa, daga baya ya zama ɓawo, in an daɗe kuma ya daskare yana sheƙi kamar gilas, burushi ba ya iya komai a kansa. Idan ya kama da wuta, zafin kan kai kusan digiri 1,100 a ma'aunin Salshiyas. Masu gida kan ji ƙugi kamar jirgin ƙasa na wucewa, tartsatsi na tashi ta sama, bulo na tsagewa, wuta ta lasa katakon rufi. Akwai kuma toshewa: a Birtaniya wani ɗan ƙaramin hankaka ya shahara da cika bututu da ƙirare don yin sheƙa, sai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, ta komo cikin ɗaki.

Matsayin inshora

Ƙa'idar da yawancin kamfanoni ke bi ita ce suna biyan diyyar ɓarnar da ta auku kwatsam, kamar gobara, tsawa, guguwa ko faɗuwar bishiya a kan bututu. Ba sa biyan abin da ya lalace a hankali saboda tsufa ko sakaci, kamar siminti da ya zaizaye ko ruwan da ya shekara yana yoyo ta gefen bututu. Gobarar bututu ta faɗo tsakanin biyun, shi ya sa rigima ta fi yawa a kanta: tana tashi farat ɗaya, amma abin da ya ci wutar ya ɗauki watanni yana taruwa. Mai tantance asara zai duba kaurin kiriyosot, ya tambayi ranar shara ta ƙarshe. In yarjejeniyar ta shardanta shara kuma babu shaida, kamfani na iya rage diyya ko ya ƙi biya. Gidaje masu rufin ciyawa a ƙauyukan Ingila sun fi shan tsauraran sharuɗɗa. Haka kuma wanda ya girka sabon murhun itace bai sanar da kamfani ba, ya ba su hujja da hannunsa.

Dokoki

A Faransa shara wajibi ce, aƙalla sau ɗaya a shekara bisa dokar da ta fara aiki a Oktoba 2023, kuma ƙwararre ne zai yi ya ba da takardar shaida. Ɗan haya ne galibi ke biya. Jamus ta fi kowa tsari: kowace unguwa tana da mai shara da hukuma ta naɗa, kuma sai a 2013 aka buɗe wani ɓangare na aikin ga masu gasa. A Amurka, ƙa'idar NFPA 211, ta ƙungiyar kare gobara ta ƙasar, ta ce a duba bututu kowace shekara, ta kuma kasa dubawar mataki 3. Mataki na biyu, wanda ake zura kyamara a ciki, shi ake nema idan za a sayar da gida ko bayan gobara. Ingila ta kama matsalar ta wajen makamashi: tun Mayu 2021 an hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri, sai wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba.

Tarihi

Gobarar Landan ta 1666 ce ta share fagen inshorar gobara a Ingila, inda Nicholas Barbon ya kafa kamfaninsa wajen 1680. Gidajen da aka gina bayan gobarar suna da bututu ƙuntatattu masu lanƙwasa, don haka aka koma tura ƙananan yara ciki suna hawa da gwiwa da gwiwar hannu, suna kankare kunkunniya. A 1775 likita Percivall Pott ya gano alaƙar kunkunniya da ciwon dajin fatar maraina a tsakanin masu sharar, ɗaya daga cikin binciken farko da ya danganta ciwon daji da sana'a. George Smart ya ƙirƙiro burushi mai sanduna da ake jonawa tun 1803, amma masu sana'ar suka yi biris da shi, don yaro ya fi arha. Sai a 1875, bayan wani yaro mai suna George Brewster ya maƙale a bututun wani asibiti kusa da garin Kambirij, ya kuma mutu jim kaɗan bayan an ciro shi, majalisar Birtaniya ta zartar da dokar da Lord Shaftesbury ya daɗe yana fafutuka a kai, wadda ta tilasta wa masu shara karɓar lasisi daga 'yan sanda.