Ma'anar dipfek: idan murya da fuska suka zama abin aro

A majalisun Gombe, daga Jekadafari har Pantami, da wuya yanzu a nuna bidiyo mai ban mamaki a waya ba a samu wanda ya ce "kai, wannan AI ne" ba. Abin da ake nufi yana da suna: dipfek. Bidiyo ne ko hoto ko murya da aka sa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta haɗa, don a nuna mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, ko yana aikata abin da bai aikata ba.

Kalmar ta Turanci ce, haɗin kalmomi biyu. Rabin farko daga sunan wata dabarar koyar da kwamfuta ne, wato koyo mai zurfi, rabi na biyu kuma yana nufin jabu. Ta bazu a 2017 daga dandalin Reddit, inda wani ya riƙa ɗora fuskokin fitattun mata 'yan fim a kan bidiyon batsa. Da cin mutunci ta fara ke nan.

Tsohon haɗin hoto yanka da liƙi ne, mai lura yakan gano. Wannan kuwa manhaja ake tara wa hotunan mutum da maganganunsa, ta yi ta nazari har ta kama yadda yake motsa leɓe, inda yake jan numfashi, da karin harshensa. Daga nan sai a rubuta mata kowace magana ta furta da bakinsa. A watan Maris na 2022 an yaɗa bidiyon shugaban Ukraine, Zelensky, wai yana umartar sojojinsa su ajiye makamai. Haɗin bai yi kyau ba, nan da nan aka gane. Shekara biyu bayan haka, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfanin Arup ya shiga taro ta bidiyo, ya ga shugaban sashen kuɗi da abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk mutanen da ya gani a allon na bogi ne.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a nan gida murya ce. Mu mutanen saƙon murya ne. Ɗan kasuwa a Tudun Hatsi yakan sayar da buhunan masara da wake ta WhatsApp ba tare da ya rubuta harafi ɗaya ba, uwa a Kumo ko Dukku da muryar ɗanta take sanin lafiyarsa. Malamai da 'yan siyasa kuwa muryoyinsu sun cika Facebook da TikTok, awa a kan awa, wanda shi ne abincin da manhajar ke bukata. A ce cikin dare saƙo ya shigo da muryar ƙaninka: "Yaya, don Allah ina asibiti, ka tura dubu hamsin ta wannan asusun, wayata ta mutu." Wa zai tsaya bincike? Gaggawa da tausayi da kunya su ne jarin macuci, muryar dai mabuɗi ce. Gaskiya manhajojin sun fi ƙwarewa a Turanci, amma Hausarsu tana gyaruwa, kuma ba na ganin hikima ce mu dogara da gurguwar Hausar na'ura.

Ana yawan ba da shawarar a duba ƙiftawar ido, ko leɓen da bai tafi daidai da magana ba, ko yatsun da suka wuce biyar. Yana da amfani, sai dai alamomin suna ɓacewa kullum. Abin da ya fi riƙo shi ne ka katse, ka kira mutumin ta lambar da ka daɗe da sani. Ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani, kamar sunan da kakarku take kiransa da shi. Idan bidiyon wani babban attajiri ne ko gwamna yana tallan zuba kuɗi a ninka maka, ka duba ko gidan rediyo ko jaridar da ka yarda da ita ta kawo labarin. Kafofin tantance labari irin su Dubawa da Africa Check aikinsu ke nan.

Akwai wata illar da ba a cika magana a kanta ba. Da can mukan ce gani ya kori ji. Yanzu wanda aka kama dumu-dumu a bidiyo na gaskiya zai iya cewa haɗi ne, magoya bayansa su yarda. Mun ga yadda jita-jitar "Jubril na Sudan" ta yi ƙarfi, wai Shugaba Buhari ya rasu an sa wani mai kama da shi daga Sudan a madadinsa, har sai da Buharin ya fito da kansa a Poland, a Disambar 2018, ya ce shi ne da gaske, alhali babu wata na'ura a cikin wannan ƙaryar.

Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta sojan gona da zamba ta kwamfuta. Wanda aka riga aka damfara ya fara kiran bankinsa a take, kafin a kwashe kuɗin zuwa wani asusun, ya ajiye saƙon da lambar asusun kada ya goge, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Gombe.