Ba Sojoji Ne Suka Kafa Arsenal Ba

Saboda igwar da ke jikin tambarin Arsenal da kuma laƙabin Gunners, wato masu harba igwa, an daɗe a gidajen kallon ƙwallo ana cewa sojojin Ingila ne suka kafa ƙungiyar. Wannan magana ba ta da tushe. A shekarar 1886 wasu ma'aikatan masana'antar ƙera makamai ta Royal Arsenal da ke Woolwich, a kudu maso gabashin Landan, suka yi karo-karo suka sayi ƙwallo, kuma David Danskin, ɗan asalin Sikotland, shi ne ya jagorance su. Da farko sun kira ƙungiyar Dial Square, sunan wani sashe na masana'antar, kafin ta koma Royal Arsenal, daga baya Woolwich Arsenal. Farar hula ne masu neman abinci da guminsu, kuma a ganina tauye musu haƙƙi ne a miƙa wa bariki abin da suka gina.

Mai neman ƙungiyar da sojoji suka kafa da gaske ya dubi Steaua ta Bukares a Romaniya, wadda rundunar sojan ƙasar ta kafa a 1947, ta kuma ci Kofin Turai a 1986.