Renon Tsirran Ado a Cikin Kwalba: Bayani ga Masu Lambun Furanni

Masu lambun furanni na bakin titi a Kano da Kaduna sun sha tambayata yadda ake samun ɗaruruwan tsirran ado masu faɗin ganye, irin su filodendiron da agilonima, duk girmansu ɗaya kamar an auna. Yawancinsu a ɗakin gwaje-gwaje aka rene su, daga ɗan yankin idon tsiro da bai kai ƙwayar shinkafa ba, a cikin kwalba mai ɗauke da daskararren abinci.

Abincin da aka fi amfani da shi shi ne wanda masana kimiyyar tsirrai Murashige da Skoog suka haɗa a 1962, ana ƙara masa sukari kamar giram 30 a kowace lita, a dafa shi a tukunyar matsi a zafin digiri 121 na ma'aunin Celsius na kimanin minti 20. Amma abin da ke juya tsiron shi ne sinadaran girma guda biyu. Tun a 1957 Skoog da Miller suka nuna cewa idan saitokinin ya rinjayi oksin, yankin zai yi ta fitar da toho, idan kuma oksin ya yi rinjaye, saiwa ce za ta fito. Saboda haka ake fara sa BAP, wani nau'in saitokinin, domin toho ya yawaita, bayan makonni huɗu zuwa shida a rarraba su, sannan a mayar da su kan abinci mai IBA ko NAA, waɗanda nau'o'in oksin ne, domin su yi saiwa.

A nan ne nake roƙonku ku natsu, domin waɗannan sinadarai ba taki ba ne da za a ce ƙari ya fi. Da miligiram ake auna su, sau da yawa ɗaya ko biyu a lita guda. Na taɓa ganin kwalaben da aka zarce musu BAP: ganyen ya kumbura, ya yi sheƙi kamar gilashi, da an taɓa shi sai ya karye, kuma ko ɗaya bai rayu ba da aka fito da su. Yawan sinadarin kan kuma sauya kamannin tsiro. Hanyar yaɗawa ma takan sauya su: moda mai rawayan gefe, alal misali, takan rasa wannan rawayan idan aka yaɗa ta daga yankin ganye, shi ya sa raba ta daga tushe ya fi aminci.

Tsafta kuwa ba ta da sassauci. Ana wanke yankin da ruwan bilic da aka tsarma, a ɗauraye shi sau uku da dafaffen ruwa, domin ƙwayar funfuna ɗaya ta isa ta mamaye kwalba cikin kwanaki kaɗan, tun da abincin cike yake da sukari.

Mafi yawanku ba za ku yi renon da kanku ba, sayen 'ya'yan za ku yi, kuma a hannunku ne aka fi yin asara. Tsiron da ya saba da laimar kwalba ba ya iya riƙe ruwa a ganyensa, iskar hunturu takan busar da shi cikin sa'o'i. Ku wanke abincin da ya maƙale a saiwarsa, ku dasa shi a ƙasa mai laushi da ruwa ba ya kwantawa, ku lulluɓe da farar leda a inuwa, sannan ku riƙa ɗaga ledar kaɗan-kaɗan har makonni biyu zuwa huɗu kafin ku cire ta gaba ɗaya.